Yadda za ka ceto bidiyon gidanku daga kaset da faifai tun na'urorin ba su ƙare ba

A watan Yulin 2016 kamfanin Funai na ƙasar Japan ya daina ƙera na'urar kallon kaset ɗin VHS, kuma shi ne na ƙarshe da ya rage yana yin ta. Wato duk na'urar bidiyon da ka gani yau a ɗakin wani tsoho ko a shagon mai gyaran rediyo, ragowa ce. In ta mutu, ba wata sabuwa da ke tafe. Mutane sun fi tambayar shekara nawa kaset ko faifai zai yi kafin ya lalace, amma ni abin da ya fi ba ni tsoro shi ne abin da za a saka shi a ciki. Kaset mai lafiya da babu na'urar kunna shi, da shi da bulo duk ɗaya ne.

Faifai ma hanyar da ya kama ke nan. DVD ya fito a 1996, Blu-ray a 2006. Netflix, wanda da aika faifai ta gidan waya ya fara sana'a, ya rufe wannan ɓangaren a watan Satumbar 2023. Babban kantin kayan lantarki na Amurka, Best Buy, ya sauke faifan fina-finai daga kantocinsa a farkon 2024. Sony ya daina yin faifan Blu-ray na ɗauka da kaset ɗin MiniDV a watan Fabrairun 2025. Sababbin laftof kuwa an daɗe da daina yi musu ƙofar faifai. Fina-finan manyan kamfanoni ba su da damuwa, masu su suna da kwafi a rumbu. Abin da ke cikin hatsari shi ne na gida: kamu da ɗaurin auren iyayenka, sunan yayarka, saukar karatu, dawowar kaka daga Makka, hawan sallar da wani kawu ya ɗauka da kyamara a kafaɗa. Waɗannan kwafi ɗaya ne a duniya, kuma yana cikin akwati a ƙarƙashin gado.

Fara da zube su a tabarma

Ka tattaro komai wuri guda ka raba gida uku. Kashi na farko kaset: manyan VHS, da ƙananan na kyamara irin su VHS-C, Video8, Hi8 da MiniDV. Kashi na biyu faifan da aka ɗora wa bidiyo a kwamfuta, irin wanda mai ɗaukar biki ke kawowa da hoton ango da amarya a manne. Kashi na uku faifan kamfani, wanda injin ya buga.

Bambance na biyu da na uku ba wuya. Juya faifan ka dubi cikinsa. Na kamfani fari ne kamar azurfa. Wanda aka ɗora wa a kwamfuta yakan yi launin shuɗi, kore-kore ko ruwan zinare in CD ne, in kuma DVD ne yakan yi shunayya, kuma sau da yawa za ka ga iyakar inda rubutun ya tsaya kamar zobe. Wannan launin rini ne, kuma a cikinsa bidiyon yake. Haske da zafi suna kashe rini, kamar yadda rana ke cinye launin atamfar da aka bari a igiya. Shi ya sa faifan biki ya fi fim ɗin kanti saurin mutuwa, alhali shi ne ba a sake samu.

Da kaset za ka fara, mafi tsufa tukuna, sai faifan biki. Na kamfani ya jira. Masana adana kayan tarihi sukan ba kaset ɗin bidiyo shekara 10 zuwa 30, gwargwadon inda aka ajiye shi. Fim ɗin Hausa na bidiyo ya fara ne a Kano a 1990, kuma a shekarun da suka biyo baya ne ɗaukar biki a kaset ya zama ruwan dare. Ka lissafa da kanka: kaset ɗin 1995 ya riga ya cika talatin, kuma ba a ɗakin sanyi ya yi su ba, a zafin bazarar da ke haura digiri 40 da laimar damina ya yi su.

Kafin ka ci gaba, ɗauki maka ka ba kowane ɗaya lamba, ka rubuta a littafi abin da ke jikin kwalinsa. Za ka gode wa kanka in sun kai arba'in.

Kaset: nan ne aikin yake

Kada ka yi gaggawar cusa kaset a na'ura. Leƙa ta tagar gilashin da ke jikinsa. In ka ga fari-fari kamar gari ko yanar gizo a gefen naɗin zaren, fumfuna ce. Irin wannan ka ware shi a leda shi kaɗai. In ka saka shi a bidiyo zai toshe kan da ke karanta hoto, ya kuma shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya. Ka sa shi a roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu shanye laima da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, ya yi makonni ya bushe, sannan ka kai wa wanda ya iya buɗe kaset ya goge. In kai za ka yi, a waje za ka yi, da takunkumi a hanci.

Akwai wata cutar da ba a gani da ido. Zaren kaset leda ce siririya da aka shafa wa garin maganaɗisu da wani irin gam. Gam ɗin yana shan laimar iska, da shekaru sai ya yi danƙo. Alamarsa ita ce kaset ya riƙa ƙara kamar kukan ɓera yana tafiya da ƙyar, ko hoto ya ɗauke bayan 'yan mintoci saboda kan na'urar ya yi datti. Da ka ji haka, ka tsayar. Ƙwararru suna gasa irin wannan kaset a wani tanderu na musamman a zafi kaɗan na sa'o'i masu yawa, amma ba aikin murhun gida ba ne, kuma shanya shi a rana narkar da shi kawai zai yi.

Wanda ya tsira daga waɗannan biyun, ka karya masa ɗan harshen robar nan da ke gefen da ake manna suna. Muddin babu shi, na'ura ba za ta yarda ta ɗauki wani abu a kansa ba. Gidaje nawa ne aka shafe bikin uwa da wasan ƙwallo saboda yaro ya danna jan maɓalli? A ƙananan kaset na kyamara ɗan makulli ne ake turawa gefe.

Sai neman na'ura. Masu gyaran rediyo da talabijin na tsohuwar kasuwa su ne wurin zuwa, da masu sayar da kayan gwanjo. Ka tafi da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba a gwada a gabanka: ya shiga, ya yi wasa, ya koma baya, ya fito ba tare da an tauna zaren ba. Abin da ya fi mutuwa a tsohuwar bidiyo shi ne bel da tayar roba, sun bushe ko sun narke, kuma mai gyara yana iya canza su. Ka sa ya goge kan da sifirit na kayan lantarki. Kada a yi amfani da auduga, zarenta yana maƙalewa ya karya kan. Farar takarda da aka jiƙa ta fi.

Ka kula da tsarin hoto. A zamanin kaset Najeriya da Ghana PAL suka yi amfani da shi, Nijar da Chadi SECAM irin na Faransa, Amurka kuwa NTSC. Kaset ɗin da ɗan'uwa ya aiko daga Maraɗi zai iya fitowa baƙi da fari a na'urar da PAL kaɗai ta sani, na Amurka kuma ya ƙi fitowa sam. Ba lalacewa ya yi ba. Nemi na'urar da aka rubuta wa tana cin tsari da yawa, irinsu sun shigo ƙasar nan sosai. Haka in mai ɗauka ya yi amfani da saurin LP don kaset ɗin awa uku ya ɗauki awa shida, dole na'urar ta san LP, in ba haka ba muryoyi su fito kamar na 'yan tsana.

Yanzu jonawa. Akwai 'yar na'ura kamar filash mai wutsiya uku, rawaya da fara da ja, wadda ke karɓar hoto daga bidiyo ta miƙa wa kwamfuta ta USB. Rawaya hoto ce, fara da ja sauti. Masu araha sun cika kasuwa kuma ingancinsu ya bambanta ƙwarai, don haka ka gwada minti goma ka kalla kafin ka ba ta amanar kaset talatin. Abin da za ka duba shi ne ko baki da murya suna tafiya tare har ƙarshe, domin a nan marasa kyau ke tona kansu: a farko daidai, bayan awa guda liman ya shafa fatiha murya tana can baya.

A kwamfuta ka sauke manhajar ɗaukar bidiyo ta OBS Studio, kyauta ce. Ka zaɓi 'yar na'urar a matsayin inda hoto ke shigowa, ka saita tsarin a PAL, girman hoto 720 da 576, hoto 25 a daƙiƙa. Kada ka miƙe shi ya cika faffaɗan allo. Hoton da bai kai na yanzu faɗi ba, in ka ja shi kowa zai yi ƙiba. Nauyin ɗauka kuma kada ka yi rowa. In ka sa megabit 6 a daƙiƙa, awa guda za ta ci wajen gigabait 2.7, kuma hoton zai fito kusan yadda yake a kaset. Ka ɗauka a tsarin fayil na MKV, domin in wuta ta ɗauke ana tsaka da aiki abin da aka ɗauka ba ya lalacewa, daga baya manhajar da kanta tana mayar da shi MP4.

Maganar wuta ba ƙarama ba ce. Kaset ba ya kwafuwa da sauri. Na awa uku, awa uku zai ci kana zaune. In wuta ta tafi zare yana naɗe a kan na'ura, fitar da shi sai an kwance murfi. Ka yi aikin a kan inbata ko sola, ko janareton da ka tabbatar da mansa.

Kafin ka danna ɗauka, tura kaset ɗin gaba har ƙarshe ka dawo da shi farko sau ɗaya, don naɗin da ya shekara ashirin a manne ya saki. In layuka suna yawo a hoton, maɓallin tirakin ne maganinsu, ka daidaita a hankali. Sannan ka bar shi ya tafi har ƙarshe ko da ka ga biki ya ƙare. A wutsiyar kaset ake samun abin mamaki. A namu, bayan an gama walima hoto ya yi yayyafi na minti biyu, sai ga kakarmu a tsakar gida tana tankaɗe tana faɗa da mai kyamara ya kauce mata. Duk gidan babu wanda ya san da wannan, kuma shi kaɗai ne wurin da muryarta ta rage.

In duk wannan ya yi maka yawa, akwai na'urori masu haɗe da kaset da DVD waɗanda ke kwafa daga wannan zuwa wancan da maɓalli ɗaya, akwai kuma shagunan da ke yin aikin. Sharaɗi biyu za ka kafa wa mai shago: ya ba ka fayil, ba faifai kaɗai ba, kuma ya dawo maka da kaset ɗinka. In kuwa babu ko ɗaya, kafa waya a kan wani abu a gaban talabijin, kashe fitila, ka ɗauka. Da babu gara ba daɗi.

Ƙananan kaset na kyamara

VHS-C yana da gida mai girman kaset na sosai da ake saka shi a ciki, sai ya shiga bidiyo kamar kowa. Video8 da Hi8 ba su da irin wannan gidan, duk wanda ya ce zai sayar maka yaudara ce. Sai kyamarar da ke cin su, ka jona wayoyinta kamar yadda aka yi a sama. MiniDV daban yake, domin abin da ke cikinsa tun asali na kwamfuta ne. In ka sami kyamararsa da tsohuwar kwamfuta mai ƙofar FireWire, za ka kwashe shi ba tare da ya rage komai ba, awa guda wajen gigabait 13.

Faifai

Wannan ya fi sauƙi, don ba sai ka zauna kallo ba. In laftof ɗinka ba ta da ƙofa, sayi abin karanta DVD na waje mai USB. Ina ba da shawarar ka saya yanzu ko da ba yau za ka yi aikin ba.

Goge faifan da ƙyalle mai laushi daga ramin tsakiya zuwa baki, a miƙe, ba zagaye ba. Bayanan a zagaye suke kwance, don haka karcen da ya bi zagaye yana cinye dogon layi guda, wanda ya ratsa kuwa na'ura tana iya cike gurbinsa. In ya yi maiƙo, ruwa da ɗigon sabulun wanke-wanke sun isa, ka bar shi ya bushe sarai.

Wani abin da mutane ba su sani ba: a CD da VCD (CD mai bidiyo), bayan faifan, wato wajen da ake rubutu, shi ne mai rauni. Bayanan suna dab da ƙarƙashin fentin. Rubutu da biro ko ɓare takardar da aka manna yana iya ɗaye su gaba ɗaya. Ɗaga faifan ka dubi haske ta cikinsa. In ka ga ƙananan huji kamar na allura, wurin ya tafi. DVD kuwa bayanansa suna tsakiyar roba biyu da aka manne, kowace kaurin milimita 0.6, don haka cutarsa ita ce rabuwar mannin, musamman in ana lanƙwasa shi wajen cirewa daga kwali. Na kamfani ma ba su tsira duka ba: a 2025 Warner Bros. ya amsa cewa wasu DVD da ya buga tsakanin 2006 da 2008 suna lalacewa tun lokacinsu bai yi ba.

Saka faifan ka buɗe shi kamar folda. In VCD ne, shiga MPEGAV, za ka ga fayiloli masu suna irin AVSEQ01.DAT, su ne bidiyon, ka kwafe su. Manhajar VLC tana kunna su. In DVD ne, kwafi foldar VIDEO_TS ɗungurungum. Wannan shi ne kwafinka na asali, kada ka taɓa shi. Daga jikinsa ne za ka yi ƙaramin MP4 da manhajar HandBrake don turawa dangi a waya.

In kwafi ya tsaya a tsakiya, kada ka yanke ƙauna. Gwada wani abin karantawar, domin abin da wannan ya kasa wancan yakan iya. In ya ƙi, akwai manhajoji irin su IsoBuster da ddrescue da ke tsallake wurin da ya mutu su kwaso sauran. Rasa daƙiƙa goma ya fi rasa biki. Faifan da kwamfuta ta nuna babu komai a ciki alhali kana ganin zoben rubutu a jikinsa, mai yiwuwa wanda ya ɗauka ne bai rufe shi ba a na'urarsa. Bidiyon yana nan, IsoBuster takan gan shi.

Fina-finan kasuwa kuwa, masu su suna da haƙƙi, kuma kowa ya san abin da satar fasaha ta yi wa 'yan fim ɗinmu. Ka adana faifanka, ka sami na'urar DVD ta biyu ka ajiye a kwali, shi ke nan. Faifan kamfani da aka kula da shi yana iya shekaru da dama.

Ina za a zuba su?

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwashe kaset a mayar faifan DVD na ɗauka, a ce an huta. An sauke kaya daga jaki mai ciwo ne an ɗora wa gurgu. Filash da memori ma ba rumbu ba ne: da cajin lantarki suke riƙe bayanai, in sun daɗe a ajiye ba a jona su ba yana iya zurarewa, ga ɓata, ga na jabu. Akwai filash da za a rubuta masa gigabait 128 alhali cikinsa bai kai haka ba, ya karɓi fayil ya nuna maka suna, ranar buɗewa babu komai. 'Yar manhajar H2testw tana tona irinsu, ka gwada kafin ka zuba.

Dokar masu adana bayanai ita ce kwafi uku, a kan abubuwa iri biyu, ɗaya kuma ba a gidanka ba. A aikace: ɗaya a kwamfutarka, ɗaya a rumbun ajiya na waje da ake ce wa had-disik, ɗaya a ma'ajiyar intanet ko a wani rumbun da za ka kai gidan ƙanwarka a wani gari. Gobara, ɓarawo da ambaliya gida ɗaya suke shiga. Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta, bai isa duka ba amma ya isa waɗanda suka fi daraja. In za ka tura ta WhatsApp, tura shi a matsayin takarda, ba bidiyo ba, in ba haka ba zai matse shi har fuskoki su dagule. Kuma a tuna bikin mata ne a ciki da yawa. A tambayi masu shi kafin a watsa a zauren dangi, balle a fili.

Duk shekara, ka sa wa kanka lokaci, ko bayan ƙaramar sallah, ka jona rumbun ka buɗe fayil biyar ka gani. Duk bayan shekara biyar ko makamancin haka ka sayi sabo ka kwashe. Akwai faifan M-DISC da masu yin sa ke cewa zai yi shekara 1000. Ko da gaskiyarsu, tambayar farko tana nan, wace na'ura ce za ta karanta shi.

Sunan fayil ya fara da shekara, sai abin da aka yi, sai gari: 1998 auren Yaya Zariya kaset na 1. Sannan ka yi abin da babu manhajar da za ta yi maka. Ɗauki laftof ka je wurin Hajiya ko Baffa, ku kalla tare, kana tsayarwa kana tambaya: wannan mai farar hular fa, Baffa? Ka rubuta sunayen da mintin da suka fito a 'yar takarda cikin foldar. In da hali ka kunna rikodar waya yayin da suke bayani, don labaran da za su biyo bayan kowace fuska sun fi bidiyon kansa yawa.

Kaset da faifan asali kuma kada ka zubar, wata rana za a iya samun na'urar da ta fi taka fitar da hoto. Ka mayar da kowane kaset farko, ka sa shi a kwalinsa, ka jera su a tsaye kamar littattafai, ba a kwance wani kan wani ba. Nesa da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu, nesa da taga, kuma ba a saman silin ko ɗakin da kwano ke gasawa ba. Ɗakin da ya fi sanyi a gidan, a kan kanta sama da ƙasa saboda ruwa, cikin roba mai murfi da ke tare ƙurar hunturu, da 'yan ƙunshin shanye laima a ciki waɗanda za ka canza in damina ta wuce.